Gwangwanin tarar mai na inji

Gwangwanin tarar mai wani ƙaramin mazubi ne da ake sakawa a kan tiyon numfashin injin mota domin ya kama tururin baƙin mai da ruwa kafin su koma cikin hanyar da inji ke shaƙar iska. Da Turanci ana kiransa oil catch can. Akasarin motoci ba sa fitowa da shi daga kamfani. Masu mota ne ke sayensa su ƙara, wasu kuma su haɗa nasu a gida da kayan da ake samu a kasuwa. An fi amfani da shi a injinan fetur masu fesa mai kai tsaye cikin silinda, da injina masu tobo, da injinan dizal, da motocin tsere.

Dalilin amfani da shi

A duk lokacin da fetur ya ƙone a cikin silinda, wani ɗan kaso na hayaƙin yakan sulale ta gefen zobban fistan ya sauka cikin ƙasan inji, inda karanshaf ke juyawa kuma baƙin mai yake taruwa. Wannan hayaƙi yana ɗauke da fetur da bai gama ƙonewa ba, da tururin ruwa, da toka. Idan bai samu mafita ba, matsinsa yakan ƙaru har ya tura mai waje ta gasket da robobin da ke toshe bakin karanshaf, sannan ruwan da ke cikinsa ya gauraya da mai ya zama dagwalo.

Saboda haka kowane inji yana da hanyar numfashi. A motocin zamani ana mayar da hayaƙin cikin manifol ɗin iska ta wani bawul da ake kira PCV, domin inji ya sake ƙona shi. Sai dai hayaƙin yana kwaso ƙananan ɗigon baƙin mai a kan hanyarsa, kuma waɗannan ɗigon ne gwangwanin ke tarewa.

Tarihi

Tsofaffin motoci suna da wani bututu da ke saukowa ƙarƙashin inji. Idan mota tana gudu, iskar da ke wucewa ta bakinsa takan zuƙo hayaƙin ta watsar a titi. A farkon shekarun 1950, Arie Haagen-Smit, masanin kimiyyar sinadarai a jami'ar Caltech, ya nuna cewa tururin mai da bai ƙone ba yana cikin abubuwan da ke haddasa hazon hayaƙin da ya addabi birnin Los Anjalas. Daga motocin shekarar 1961 aka fara saka tsarin PCV a sababbin motocin da ake sayarwa a jihar Kalifoniya, kuma zuwa 1964 yawancin sababbin motoci a Amurka suna da shi.

Shekaru da yawa man da ke biyo wannan hanya bai zama babbar damuwa ba, domin a inji mai kafireta, ko mai fesa fetur a bayan bawul, fetur ɗin kansa yana wanke bawul ɗin shigar iska a kowane zagaye. Lamarin ya canza da yaɗuwar injina masu fesa fetur kai tsaye. Kamfanin Mitsubishi ya fito da injinsa na GDI a 1996, Volkswagen ya biyo baya da FSI a 2000. A irin waɗannan injina fetur ba ya taɓa bayan bawul ko kaɗan, don haka man da ya sauka a kai sai zafi ya gasa shi ya zama baƙin ɓawo mai tauri. Idan ɓawon ya yi kauri yakan rage iskar da ke shiga silinda, inji ya riƙa rawa idan yana tsaye, ƙarfinsa ya ragu. Cire shi yakan buƙaci a kwance manifol, a kankare da hannu ko a fesa masa niƙaƙƙen ɓawon gyaɗar walnut da iska mai ƙarfi. Tsadar wannan aiki na cikin abin da ya sa gwangwanin ya samu karɓuwa.

Yadda yake aiki

Gwangwanin yana da ƙofar shiga da ƙofar fita. Hayaƙi yana zuwa da gudu ta siririn tiyo, da ya faɗo cikin faffaɗan wuri sai gudunsa ya ragu kuma ya ɗan huce. A ciki akwai shinge na faranti mai huji ko dunƙulen zaren ƙarfe da ke tilasta wa hayaƙin canza hanya. Iska takan iya lanƙwasawa ta wuce, amma ɗigon mai, da yake ya fi nauyi, sai ya bugi shingen ya manne, ya haɗu da wasu ɗigon, ya gangara ƙasan gwangwani. Gwangwanin da ba shi da komai a ciki kaɗan yake kamawa, domin yawancin tururin yakan shiga ta wannan ƙofa ya fice ta waccan.

Akwai iri biyu. Rufaffe yana mayar da iskar da aka tace cikin manifol, wato tsarin PCV yana ci gaba da aikinsa. Buɗaɗɗe kuwa yana da ƙaramar matata a kai wadda ke sakin hayaƙin a sarari, kuma an fi ganinsa a motocin tsere.

Haɗa shi a gida

Masu haɗa nasu sukan yi amfani da ɗayan abu biyu: ƙaramar matatar ruwa ta injin hura iska, ko kuma gwangwanin alminiyam mai murfin da ke rufuwa gam. Kwalbar gilashi tana iya fashewa, robar ruwan sha kuma takan yi laushi da zafi ta lotse idan inji ya zuƙe ta. Ko matatar injin hura iska, mai kofin ƙarfe ta fi mai kofin roba, domin zafi da tururin fetur suna tsattsaga robar. Akan cire ainihin matatar da ke cikinta saboda ƙanƙantar hujinta kan sa ta toshe da wuri.

Idan gwangwani ne, ana huda murfinsa wuri biyu a ɗaura bakunan tiyo na tagulla. Ana ƙara wa ƙofar shiga ɗan bututu da zai sauka zuwa tsakiyar gwangwanin, ita kuma ƙofar fita a bar ta a sama, sannan a cusa soson ƙarfe na wanke tukunya, irin wanda ba ya tsatsa, a tsakaninsu. Soson ƙarfe mai laushi bai dace ba, domin yana marmashewa, kuma inji zai iya shaƙe ɓurɓushinsa.

Wajen sakawa, ana kashe inji a bari ya huce. Ana nemo tiyon da ya taso daga bawul ɗin PCV zuwa manifol a cire shi. Tiyo ɗaya zai taso daga bawul ɗin zuwa ƙofar shiga, na biyu daga ƙofar fita zuwa manifol, kowanne a matse bakinsa da kilif. Dole faɗin sabon tiyo ya yi daidai da na asali, kuma ya zama mai jure mai, mai kaurin da ba zai lotse ba. Tiyon ruwan lagireto yakan kumbura idan mai ya jiƙa shi. Ana ɗaure gwangwanin a tsaye a jikin mota, nesa da bututun salansa da fanka da bel, a inda hannu zai kai gare shi. Bayan an tayar da inji, ƙarar tsotsar iska ko hawa da saukar inji alama ce ta cewa akwai inda iska ke shiga. A inji mai tobo, matsin manifol yakan juya ya zama turi, don haka ana buƙatar bawul mai barin iska ta bi hanya ɗaya kawai.

Kulawa da haɗari

Abin da ke taruwa cakuɗen baƙin mai ne da ruwa da fetur, shi ya sa ba a mayar da shi cikin inji. Ana juye shi tare da tsohon baƙin mai, ba a kwata ko a ƙasa ba. Yawansa ya danganta da lafiyar inji da yanayi da irin tuƙi, don haka a makonnin farko akan riƙa dubawa a kai a kai har a gane saurin cikarsa.

Gwangwanin da ya cika yakan sa inji ya zuƙi ruwan da ke ciki gaba ɗaya. A injin dizal wannan yana da haɗari ƙwarai, domin injin yana iya ƙona baƙin man a matsayin makamashi ya yi ta gudu ko an kashe makulli. Idan kuma ya toshe, matsin ƙasan inji zai koma ya fasa gasket da robobi, wato barnar da aka ƙirƙiro hanyar numfashi domin a kauce mata. A ƙasashe masu tsananin sanyi ruwan da ke ciki yakan daskare ya toshe tiyo.

Doka

A Amurka dokar tsaftar iska ta tarayya ta hana cirewa ko lalata kayan rage hayaƙin mota, kuma tsarin PCV yana cikinsu, saboda haka buɗaɗɗen gwangwani bai halatta a motar da ke hawa titi ba. A fagen tsere kuwa wajibi ne a wasu rukunai. Ƙa'idojin hukumar FIA na motocin Rukunin A sun tanadi cewa inji mai buɗaɗɗen numfashi ya zuba mansa a mazubi mai cin lita 2 idan girman injin bai wuce cc 2,000 ba, ko lita 3 idan ya wuce, domin kada mai ya zuba a kan hanyar tsere.

Muhawara kan amfaninsa

Babu saɓani kan cewa gwangwani mai shinge yana kama mai. Inda ake jayayya shi ne ko hakan ya isa ya hana ɓawon bawul, tun da mai yana iya zuwa ta wasu hanyoyi, kamar robobin sandar bawul da tobo, ga kuma tokar da tsarin EGR ke dawowa da ita. Injina da yawa na zamani suna da abin raba mai da iska a cikin murfin bawul, wasu kamfanoni kuma sun bi wata hanyar daban, kamar Toyota da tsarinta na D-4S mai fesa fetur ta wuri biyu, cikin silinda da bayan bawul. A inji mai fesa fetur a bayan bawul kaɗai, amfanin gwangwanin kaɗan ne. Haka nan ba ya gyara injin da zobban fistansa suka cinye. Idan yana cika da sauri fiye da yadda ya saba, alama ce ta cewa injin kansa yana buƙatar bakanike ya duba shi.

Duba kuma

Baƙin mai
Injin dizal
Gurɓatar iska