Wa Ke Biyan Kuɗin? Tarihin Talla Daga Bangon Pompeii Zuwa Wayarka

Tun da ka buɗe shafin Facebook ko ka fara kallon YouTube, ko kwabo ba ka taɓa tura wa kamfanonin nan ba, data kawai kake saye a wurin kamfanin layinka. Amma suna cikin kamfanonin da suka fi kowa kuɗi a duniya. To wa ke biya? Masu talla ne. Yadda aka yi har aka zo nan kuwa, labari ne mai tsawo, kuma galibinsa ya faru tun kafin a san za a ƙirƙiro kwamfuta.

Talla mafi daɗewa da baki ake yin sa. Girkawa da Rumawa suna da masu shela a kasuwa, kamar yadda muke da sankira da yarinya mai tallan goro. Sai dai murya ba ta barin alama, shi ya sa masu binciken kufai suka dogara da abin da aka rubuta. A shekara ta 79 miladiyya dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne garin Pompeii na ƙasar Italiya da toka, tokar kuma ta adana bangayen garin da rubutun da ke jikinsu: sanarwar wasan 'yan dako-in-mutu a filin kallo, gidajen haya, da kiran a zaɓi wane. Wani attajiri mai suna Umbricius Scaurus yana sayar da romon kifi da ake tsimawa, wanda matsayinsa a girkinsu ya yi kama da na daddawa a namu. Yana sa a rubuta sunansa a jikin tulunan, har ma ya sa aka zana hoton tulunan a daɓen gidansa.

A ƙasar Sin, zamanin daular Song da ta fara mulki a 960, wani shagon allura na iyalan Liu a birnin Jinan ya sa aka sassaƙa masa farantin tagulla na buga takarda. Akwai hoton farin zomo a tsakiya, da bayanin cewa a nemi zomon a ƙofar shago don kada a yi ɓatan kai. Ka ga tambarin kamfani ke nan, ɗaruruwan shekaru kafin Gutenberg ya haɗa injinsa a Jamus wajajen 1450. A Ingila kuwa, William Caxton ya buga wata 'yar takarda wajajen 1477 yana tallan littafin limaman coci, ya ce da araha, ya kuma roƙi a ƙasan takardar kada a yage ta. Ashe masu yage fasta sun daɗe a duniya.

Duk wannan dai mai kaya ne ke cewa ga kayana. Babban sauyin ya zo ne a birnin New York a 1833. A lokacin jarida senti 6 ake sayar da ita, sai masu hali. Wani matashi mai buga takardu, Benjamin Day, ya fito da jaridar The Sun a kan senti 1. Kuɗin nan kaɗai ba zai riƙe jarida ba, kuma ya sani. Lissafinsa shi ne ya tara masu karatu da yawa, sannan ya je wurin 'yan kasuwa ya ce ga idanun dubban mutane, nawa za ku biya? Émile de Girardin ya yi irin haka a Faransa a 1836, ya zabge rabin kuɗin jaridarsa La Presse. Daga ranar mai karatu ya tashi daga matsayin mai saye ya koma hajar da ake sayarwa.

Tsarin ya zo da cutarsa tun yana jariri. Idan yawan idanu ne kuɗi, to duk abin da zai jawo ido ya halatta. A watan Agustan 1835 The Sun ta buga jerin labarai cewa masanin taurari John Herschel ya hango mutane masu fukafukan jemage a duniyar wata. Herschel mutum ne na gaske, kuma da gaske yana Afirka ta Kudu yana nazarin sararin samaniya, amma bai ga komai irin wannan ba, bai ma san ana yi ba. Jaridar ta yi kasuwa. Duk lokacin da ka ga kanun labari na ƙarya da aka shirya don ka danna, jikan wannan ne.

Waɗanda suka fi cika jaridun ƙarni na 19 da talla su ne masu maganin kwalba mai warkar da komai. Ɗaya daga ciki, Mrs. Winslow's Soothing Syrup, ana tallansa ga iyaye mata don jariri mai haƙori. Yana aiki kuwa, yaro zai yi shiru, domin akwai mofin a ciki. Wasu yaran ba su farka ba. Me ya sa jaridu suka yi gum? Wasu kamfanonin maganin sun sa sharaɗi a yarjejeniyar talla cewa idan jiha ta kafa dokar da ta takura musu, yarjejeniyar ta rushe. Wato an mayar da edita ɗan kamfen ɗinsu ba tare da an ce masa uffan ba. Sai a 1905 Samuel Hopkins Adams ya tona asirin harkar a mujallar Collier's, a 1906 Amurka ta kafa dokar abinci da magunguna. Dokar ma ba ta hana sa mofin ba, cewa ta yi a rubuta a jikin kwalba. Mai lasifika a tasha da ke rantsuwa cewa garinsa ɗaya yana maganin basir da shawara da ciwon suga, da ɗan'uwansa na TikTok, ba su ƙirƙiro komai ba. A ganina wannan ne ɓangaren tarihin da ya fi shafarmu, don har yau shi ke kai mutane asibiti da ƙoda a lalace.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya masana halayyar ɗan Adam suka shigo harkar, wannan kuma abin kunya ne gare mu 'yan kimiyya. John B. Watson ya bar jami'ar Johns Hopkins a 1920 ya koma kamfanin talla na J. Walter Thompson. Talla ya rage bayanin kaya, ya koma taɓa tsoro da buri. Listerine, wanda asalinsa maganin kashe ƙwayoyin cuta ne na ɗakin tiyata, ya tono wata kalmar likitoci, halitosis, wato warin baki, ya riƙa nuna budurwar da ta rasa miji kuma ba wanda ya iya gaya mata dalili. A 1929 Edward Bernays, wanda Sigmund Freud kawunsa ne, ya shirya 'yan mata su kunna sigari a bainar jama'a yayin faretin Ista a New York, aka sayar wa 'yan jarida abin a matsayin 'yancin mata. Kamfanin taba ne ya biya shi.

Rediyo da talabijin sun ɗauki tsarin Benjamin Day yadda yake. Tashar WEAF ta New York ta sayar da minti 10 ga wani kamfanin gidaje a 1922, agogon Bulova kuma ya bayyana a talabijin ranar 1 ga Yulin 1941. A Najeriya, kamfanin West African Publicity da aka kafa a 1928, wanda daga baya ya zama Lintas, shi ake ɗauka a matsayin kamfanin talla na farko.

Matsala ɗaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa duk tsawon wannan lokaci: mai talla bai san wa ya gani ba, balle wa ya saya. Intanet ce ta warware masa. A watan Oktoban 1994 shafin HotWired ya sa tallan AT&T da ake iya dannawa, kowace dannawa kuma ana iya ƙirga ta. A 2000 Google ya fara sayar da talla gefen sakamakon bincike, gwargwadon abin da ka rubuta da hannunka. Yau, a 'yan daƙiƙun da shafi ke ɗauka kafin ya buɗe a wayarka, ana yin gwanjo tsakanin kwamfutoci. Ana aika musu irin wayarka, yankin da kake, da shafin da kake buɗewa, wanda ya fi tayi shi ne tallansa zai bayyana, duk cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Farashin kuma ba ɗaya ba ne. Masu talla suna taya ido ne gwargwadon abin da suke zaton mai shi zai iya kashewa, don haka idon mai kallo daga Amurka ya fi na mai kallo daga Kano ko Maraɗi tsada nesa ba kusa ba. Shi ya sa za ka ga mai tashar Hausa a YouTube ya tara masu kallo rututu, amma abin da ke shigo masa a wata bai kai na Bature mai rabin jama'arsa ba, dole sai ya haɗa da tallan turare da atamfa da yake karɓa kai tsaye daga hannun 'yan kasuwa.