Malam Aminu Kano da Gwagwarmayar Sawaba

Wani kaso na ruwan Komadugu da ke wucewa ta gefen Diffa zuwa Tafkin Cadi daga ƙasar Kano yake tasowa, ya biyo ta kogin Haɗeja. Haka ita ma kalmar "sawaba" ta haɗa Nijar da Najeriya a shekarun 1950, kuma tarihinta ba ya cika sai an ambaci Malam Aminu Kano.

An haife shi a Kano a 1920, a gidan malamai masana shari'a. Ya yi Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauchi, ya ƙaro ilimi a Landan, sannan ya shugabanci makarantar horon malamai ta Maru. A 1950 ya ajiye alli ya rungumi jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta na wannan shekara.

Abin da NEPU ta tasar wa shi ne zaluncin mulkin En'e: haraji da jangali, aikin tilas, da kotunan da ke ƙarƙashin ikon sarakuna. Ƙarfin Malam shi ne hujjarsa ta gida ce. Daga Alƙur'ani yake ɗebo ta, da rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda shi kansa ya soki jangali. Saboda haka ya yi wuya a shawo kan talaka cewa neman hakki saɓon Allah ne. Magoya bayansa sun sha bulala da ɗauri; Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku sau da dama.

A Nijar kuwa, jam'iyyar Djibo Bakary ita ma Sawaba ake kiranta. Ta nemi a ce "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka haramta ta a 1959, wasu ƴaƴanta suka sami mafaka a Kano wurin mutanen NEPU.

Malam ya riƙe ma'aikatar sadarwa, daga baya ta lafiya, a gwamnatin Yakubu Gowon daga 1967 zuwa 1974, amma bai tara dukiya ba. Shugabancin ƙasar da ya nema a 1979 bai samu ba, sai dai jam'iyyarsa ta PRP ta ci jihohin Kano da Kaduna, inda gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. A zaɓen ne kuma matan Arewa suka fara zaɓen shugaban ƙasa, hakkin da ya daɗe yana nema musu.

Ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, aka binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda Jami'ar Bayero ta mayar cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa suna ɗauke da sunansa, amma gadonsa mafi girma shi ne talakan da ya daina sunkuyar da kai in ana maganar hakkinsa.