Burton: Kamfanin da Ya Taso daga Wasan Yara a Ƙanƙara

Duk wanda ya yi hunturu a Minnesota ko Toronto ya taɓa ganin sunan Burton a jikin rigunan sanyi. Asalin abin kuwa wasan yara ne. A 1965 wani uba a garin Muskegon na jihar Michigan, Sherman Poppen, ya haɗe allunan zamiya guda biyu wuri ɗaya don 'ya'yansa mata su riƙa sulɓi a kan dusar ƙanƙara. Aka sa masa suna Snurfer, ya shiga kasuwa.

Cikin yaran da suka hau shi akwai Jake Burton Carpenter. A 1977 ya bar aikinsa a New York ya koma Londonderry ta jihar Vermont, ya fara sassaƙa alluna da hannu. Ciniki ya ƙi, bashi ya taru, ga shi masu filayen zamiya sun hana a hau musu tsauni da wannan allo. Jake bai fasa ba, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana lallashi, har tsaunin Stratton ya buɗe ƙofa a 1983. A 1992 kamfanin ya koma Burlington, a 1998 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a Nagano ta Japan. Burton ne ya ɗinka wa 'yan wasan Amurka kayan gasar daga 2006 zuwa 2018.

Me ya kai mai allo ga ɗinki? Mai wannan wasa yana faɗuwa, yana zama cikin ƙanƙara, yana gumi. Dole rigarsa ta hana ruwa shiga, ta kuma bar gumi ya fita. Shi ya sa suke amfani da yadi irin Gore-Tex, kuma suke sa kaya hawa uku: na ciki mai janye gumi, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa.

'Yan uwa, a nan tarihin ya shafe mu. Mun saba da auduga, amma auduga idan ta jiƙe sai ta riƙe ruwa ta zuƙe ɗumin jiki. A aikin jinya mun san inda sanyi yake fara ci: yatsu, kunne da hanci. Idan fatar yaro ta yi tauri ta daina ji, kada a murza, kada a kai shi bakin wuta. Ruwa mai ɗumi-ɗumi ake sawa, sannan asibiti.

Jake ya rasu ranar 20 ga Nuwamba 2019 yana da shekara 65, bayan ciwon daji ya dawo masa. Kamfanin bai shiga kasuwar hannun jari ba, ya ci gaba a hannun matarsa Donna da iyalinsu. Kayansu da tsada, ba kuma sai su ba. Ko gwanjo za ki saya wa yaro, duba yadin kafin ki duba sunan.