Daga babin tsarki zuwa bakin mai magani: mafarkin balaga a Jos

Lokacin da haƙar kuza ta janyo kakanninmu daga Kano da Zazzau da Bauchi zuwa tsaunukan Jos a farkon ƙarni na 20, musamman bayan isowar jirgin ƙasa daga Zariya a 1914, malamai ma sun biyo ayari da allunansu da littattafansu. A zaurukan Gangare da Dilimi yaro ke fara jin labarin abin da zai same shi tun bai same shi ba. In ya taɓa karatun allo aka ɗora masa Ahalari da Ishmawi, daga baya Iziyya da Risala, dole ya ratsa babin tsarki. Nan malam zai bambance masa maniyyi da maziyyi da wadiyyi, ya ce mafarki alamar balaga ce, wanda ya farka ya ga danshi wanka ya hau kansa, wanda bai gani ba babu komai a kansa, kuma azuminsa bai karye ba. Malam bai sassauta murya, almajiri bai sunkuyar da kai, domin hukunci ake koyarwa.

Wannan hikima ta burge mu: magabata sun ajiye lamarin a babin wanka, ba su kai shi babin laifi ko na cuta ba. Mata ma an sanar da su, tunda hadisi ya tabbatar Ummu Sulaim ta tambayi Manzon Allah (SAW) hukuncin macen da ta yi mafarki, ya kuma amsa mata.

Zuwan boko ya sauya lissafi. Yaro ya tafi makarantar kwana daidai shekarun da jikinsa ke juyawa, malaminsa na zaure yana nesa, kunya kuma ta hana uba magana. Sai abokan ɗaki suka zama malamai, da tsokana da ƙarin gishiri. Bayan kafa Izala a Jos a 1978, Islamiyyu sun yawaita, 'yan mata da matan aure suka samu kujera a ajin fiƙihu, aka ɗan cike giɓin. Sai ga ƙanjamau, wanda aka bayyana ɓullarsa a Najeriya a 1986. Gwamnati ta shigar da darasin rayuwar iyali da ƙanjamau cikin manhaja a 2003, amma tsoron cuta ne ya buɗe wannan ƙofa, don haka yara da dama suka fara jin zancen jikinsu haɗe da gargaɗi.

Daga nan masu magani suka samu kasuwa, da lasifika a wajen Taminus, yanzu kuma a wayar hannu. Wannan ya ce sanyi ne ke kawo mafarkin, wancan ya ce aljana ce ta aure ka, wani ya ce ƙarfinka ke tsiyayewa. Alhali likitoci sun bayyana cewa da balaga jiki ke fara haɗa maniyyi, wani lokaci ya fitar da shi cikin barci ba da nufin mai shi ba. Bai rage ƙarfi, bai hana haihuwa, wanda bai taɓa yi ba shi ma lafiyarsa ƙalau. Zafin fitsari ko fitar ruwa mai wari ne ke buƙatar asibiti.

Iyaye da kawunnai da malaman Islamiyya, mu riga mai lasifika isa wurin yaranmu. Tun yaro yana shekara 11 ko 12 a koya masa wankan janaba, a gaya masa dalilinsa.