BAYANI: Bambancin tsarin sabar da tsarin hannu-da-hannu a sadarwar kwamfuta

Hanyoyi biyu ne manya da na'urori ke bi wajen musayar bayanai: tsarin sabar da tsarin hannu-da-hannu, wanda aka fi sani da P2P. Abin da ya raba su shi ne inda iko yake, wato ko akwai cibiya guda da za a rufe komai ya tsaya, ko babu.

Tsarin sabar

Sabar, ko uwar garke, babbar kwamfuta ce da ke ajiye bayanai tana amsa buƙatun ƙananan na'urori. Wayar da ta buɗe Facebook ko manhajar banki buƙata take aikawa, sabar ta duba, ta ba da amsa. Masu amfani ba sa haɗuwa kai-tsaye. Komai sai ya ratsa cibiya.

Amfanin tsarin shi ne sauƙin kulawa. Mai sabar ne ke tantance masu shiga, ya adana bayanai, ya gyara matsala a wuri ɗaya. Rauninsa ma nan yake: idan sabar ta faɗi ko aka toshe hanyarta, kowa ya rasa. Haka ta faru a Najeriya a Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter. Kamfanonin sadarwa sun toshe hanyar isa sabar kamfanin har zuwa 13 ga Janairun 2022, abin da ya sa mutane da dama suka koma zagayawa ta VPN.

Tsarin hannu-da-hannu

A nan kowace na'ura mai karɓa ce kuma mai bayarwa. Misali mafi kusa shi ne Xender, wadda ake tura fim ko waƙa da ita daga waya zuwa waya ba tare da data ba.

A babban mataki akwai BitTorrent, wanda Bram Cohen ya ƙirƙiro a 2001. Yana yanka fayil gunduwa-gunduwa, mai saukewa ya tattaro su daga kwamfutoci da yawa, yana kuma miƙa wa wasu abin da ya riga ya samu. Yawan jama'a, wanda ke jigata sabar, a nan ƙarin ƙarfi ne. Bitcoin, da ta fara aiki a Janairun 2009, kan wannan tushe take: dubban kwamfutoci ne ke riƙe da kwafin kundin hada-hadarta, babu banki a tsakiya.

Sai dai rashin cibiya na da tsadarsa. Babu ofishin da za a kai ƙara idan an yi zamba, fayil mai ɗauke da cutar kwamfuta na iya yaɗuwa ba mai tacewa, kuma a BitTorrent sauran mahalarta na ganin adireshin intanet na juna.

Masu kama da hannu-da-hannu

Wasu manhajoji na haɗa tsarin biyu, kuma cibiyar da suka bari ita ce lagonsu. Napster, da ta fito a Amurka a 1999, ta bar mutane suna musayar waƙoƙi tsakaninsu, amma jerin waƙoƙin yana kan sabarta. Da kamfanonin waƙa suka kai ta kotu, aka rufe ta a 2001.

Najeriya ta ga irin wannan. Bayan Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kasuwancin kirifto a Fabrairun 2021, matasa da yawa sun koma cinikin P2P a dandamali irin su Binance. Kuɗi na tafiya daga asusun mai saye zuwa na mai sayarwa, amma dandalin ne ke haɗa su, shi ke riƙe kirifton har ciniki ya kammala. Shi ya sa da rikici ya ɓarke tsakanin gwamnati da Binance a farkon 2024, cire naira daga dandalin ya isa ya tsayar da wannan kasuwa a cikinsa.

Iyakar tsarin biyu

Galibin sadarwar hannu-da-hannu ma kan layukan kamfanonin sadarwa take tafiya. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021 saboda yaƙi da 'yan bindiga, duk abin da ke buƙatar intanet ta waya ya tsaya. Abin da kan rage a irin wannan hali shi ne haɗin kusa ta Bluetooth ko Wi-Fi, kamar manhajar FireChat da masu zanga-zangar Hong Kong suka yi amfani da ita a 2014. Irin wannan haɗi gajeren zango ne, sai wayoyi sun yi kusa da juna.

Don gane tsarin da wata manhaja ke kai, tambayar ita ce: idan aka kashe kwamfutocin kamfanin da ya yi ta, za ta ci gaba da aiki? Idan ba za ta ci gaba ba, to akwai cibiya, kuma wanda ke iya matsa wa cibiyar lamba shi ke riƙe da makullin.