Kwana Arba'in a Dajin Amazon

Ranar 1 ga Mayu, 2023, wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi a dajin Amazon na ƙasar Kolambiya. Manya uku da ke ciki suka rasu, har da mahaifiyar yara huɗun da suka tsira. Babbarsu shekararta 13, autarsu kuwa watanta 11.

Bayan mako biyu aka gano tarkacen jirgin, amma babu yaran, sai sawunsu da bulumbotin jaririyar. Sojoji da mutanen ƙabilun dajin suka bazama nema. Aka riƙa sakin muryar kakarsu ta lasifika daga jirgi mai saukar ungulu, tana roƙonsu da harshen Huitoto su tsaya wuri guda. Ranar 9 ga Yuni aka same su da rai, duk sun rame.

To, me ya rayar da su? Bayan ikon Allah, garin rogon da suka ɗebo daga jirgin ne, da 'ya'yan itatuwan da yayarsu ta koyi tantancewa a gaban manya. Mu tambayi kanmu: cikin yaranmu na yau, nawa ne za su bambance abin ci da abin kisa a daji?