Tsimi da Awo: Tarihin Jiƙa Tsirrai Domin Magani

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin wata tsohuwar dabara ta haɗa magani, watau jiƙa saiwa ko sassaƙe ko ganye cikin wani ruwa har ya tsotse ƙarfinsu. Hausawa suna da jiƙo, wanda akan sha bayan ɗan lokaci, suna kuma da tsimi, wanda akan bari ya daɗe a tulu. Turawa kuwa sun shahara da wani irin tsimi da ake yi da ruhun barasa, wanda sunansa ya samo asali daga kalmar Latin mai ma'anar rini, saboda yadda tsiro yake rina ruwan. Abin da muke so mu nuna shi ne, duk lokacin da ɗan Adam ya sami ruwan jiƙo mafi ƙarfi, sai ya zama tilas ya nemi awo mafi daidai. Inda kuwa ƙarfi ya riga awo zuwa, rayukan mutane ne suka biya.

Daga Girkawa Zuwa Bagadaza

A ƙarni na 1 na Miladiyya wani likita Bagirke mai suna Diyoskorides ya rubuta littafi a kan tsirrai kusan 600, ya kuma bayyana yadda ake jiƙa wasunsu cikin ruwan inabi. A ƙarni na 9 aka fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza, Hunainu ɗan Ishaƙa ya duba fassarar. Daga nan malaman Musulunci suka ɗora. Alkindi ya yi rubutu a kan tatsar turare ta hanyar tururi, har ila yau ya yi ƙoƙarin auna ƙarfin haɗaɗɗen magani da lissafi. Sabur ɗan Sahlu, wanda ya rasu a 869, ya tsara kundin haɗa magunguna da asibitoci suka daɗe suna aiki da shi. Ibnu Sina ya keɓe juzu'i na biyar na Alƙanun ga haɗaɗɗun magunguna, Ibnul Baiɗar na Andalus kuma, wanda ya rasu a 1248, ya tattara bayanin magunguna da abinci wajen 1,400.

Abin lura a nan shi ne, ilmin bai tsaya ga sanin tsiro kaɗai ba. Ana rubuta nauyin kowane abu da mithƙali da dirhami, kuma muhtasibi yana da ikon bincika shagunan masu magani don hana algus. Wani abin sha'awa kuma, kalmar alkohol ta fito ne daga kalmar Larabci alkuhl, watau kwalli. Da farko Turawa sun kira duk wani gari mai laushi da wannan suna, daga baya suka mai da shi ga tataccen ruhun inabi.

Tsimin Barasa a Turai

Daga ƙarni na 12 zuwa na 13 likitocin Italiya suka ƙware wajen tace ruhun inabi mai ƙarfi, suka kira shi ruwan rai. Amfaninsa ga mai haɗa magani iri biyu ne. Na farko, yana narkar da ƙaro da mai da wasu sinadarai waɗanda ruwa zalla ba ya iya fitarwa sosai. Na biyu, yana hana ruɓewa, ta yadda tsimi zai shekara bai lalace ba, alhali jiƙon ruwa cikin 'yan kwanaki yake yin tsami. To, amma wannan ƙarfi shi ne ya zo da haɗari, domin abin da dā ake sha da ƙoƙo ya koma abin da ake ɗigawa. Farasalsus, likitan nan na ƙarni na 16, shi ne ya shahara da ra'ayin cewa yawan abin da aka sha ne yake raba magani da guba.

Misali biyu daga Ingila za su fayyace mana wannan. A 1775 aka tambayi wani likita, Wiliyam Widarin, game da wani haɗin gargajiya na wata tsohuwa da ake cewa yana warkar da kumburin jiki. Haɗin ya ƙunshi tsirrai fiye da 20. Widarin ya gane cewa guda ɗaya ne yake aikin, wani fure da masana suke kira dijitalis. Ya shekara 10 yana gwadawa a kan marasa lafiya fiye da 150, yana rubuta lokacin da ya kamata a tsinki ganyen, da yadda za a shanya shi, da adadin da za a ba mutum kafin amai da raunin bugun zuciya su bayyana. A 1785 ya buga sakamakon. Daga dangin wannan fure aka samo maganin zuciya da likitoci suke bayarwa har yau.

Misali na biyu shi ne tsimin ofiyom, wanda ake kira lodanam. A ƙarni na 17 Tomas Sidinham ya haɗa nasa da ofiyom da za'afaran da kirfa da kanumfari cikin ruwan inabi. Yana kashe zafin ciwo, yana tsai da gudawa, saboda haka zuwa ƙarni na 19 ya shiga kusan kowane gida, ana sayar da shi a kantin kayan masarufi. Mata masu aikin masaƙa sukan bar jarirai a hannun masu reno, su kuwa su ɗura musu ruwan zaƙi mai ofiyom don su yi barci, wasu jariran ba su farka ba. Sai a 1868 aka yi dokar da ta taƙaita sayar da guba ga masu rajista, ta kuma wajabta rubuta gargaɗi a jikin kwalba. Amurka ta yi tata dokar a 1906. Duk da haka, a 1930 wasu 'yan kasuwa suka gurɓata tsimin citta da wani sinadarin masana'anta, dubban Amurkawa suka sami shanyewar ƙafafu.

Daga Tsimi Zuwa Ƙwaya

Matsalar kowane tsimi ita ce ƙarfin tsiro yana canjawa bisa ƙasa da damina da lokacin sara. Maganin wannan ya zo ne a farkon ƙarni na 19, lokacin da Satuna na Jamus ya ware sinadarin mofin daga ofiyom, sa'an nan a 1820 Feletiye da Kabantu na Faransa suka ware kwinin daga ɓawon itacen sinkona. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A 1854 Dakta Baiki ya shigo kogin Kwara da Binuwai cikin jirgin ruwa, yana ba mutanensa kwinin a kan awo kullum, ya koma ba wanda zazzaɓi ya kashe, alhali tafiyar 1841 ta ci Turawa fiye da 40. Ashe ƙwayar da aka auna tana cikin abubuwan da suka share wa Turawa hanyar shigowa ƙasarmu.

A zamanin baya-bayan nan ma darasin bai sake ba. A 1971 wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Yuyu, ta karanta a wani littafi na ƙarni na 4 cewa jiƙa wani tsiro dangin tazargade ake yi a matse, ba dafawa ba. Sai ta tsotsi ƙarfinsa ba tare da zafi mai yawa ba, ta samo sinadarin atemisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro na yau. An ba ta kyautar Nobel a 2015.

Ƙasar Hausa

Tun da yake Musulunci ya haramta barasa, tsimin Bahaushe ya dogara ne ga ruwa da tsamiya da kanwa da zuma da nono. Da su ake jiƙa sassaƙen maɗaci da marke, da ganyen sabara, ana kuma dafa wa jarirai dauri. Malamanmu ba su bar fannin ga baka kaɗai ba, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan basur da ciwon ido da amfanin filasko. A 1916 kuma Dakta Dalziyel ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. Sai dai awonmu ya tsaya ga ƙoƙo da ludayi da tafin hannu. Wannan bai cika yin ɓarna ba muddin ruwa ne abin jiƙo, mai magani kuma ya san wanda yake ba wa.

Yanzu al'amari ya canja. Tsimi ya bar tulu ya shiga gora, ana tallarsa a tasha da kasuwa, mai sha bai san mai haɗawa ba. Wasu ana haɗa su da barasa, wasu ba a rubuta abin da ke ciki ba. A 2015 mutane da dama suka mutu a Jihar Ondo da Jihar Ribas bayan sun sha barasar gida mai gubar metanol, irin barasar da akan jiƙa saiwoyi a ciki. Akwai kuma misali mai daɗin ji. A shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta ɗauki wani haɗin gargajiya na masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta daidaita awonsa, ta gwada shi a kan masu amosanin jini, ya zama maganin Niprisan.

Kammalawa

Mun ga cewa hikimar tsoffi takan zama gaskiya, kamar yadda Widarin da Tu Yuyu suka tabbatar, amma ba ta zama abin dogaro ga jama'a sai an san wane tsiro ne, nawa aka sa, nawa za a sha. Saboda haka muna ba da shawara uku. Sassan kimiyya da na Hausa a kwalejojinmu su haɗa kai su rubuta haɗe-haɗen masu magani tare da awonsu tun masu sanin suna raye. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta tsananta a kan rubuta abin da ke cikin kowace gora da harshen da mai saye yake ji. Mai haɗa tsimi a gida kuma ya riƙa rubuta nauyi da ranar jiƙawa, ya nisantar da shi daga mai ciki da jariri, ya kuma gaya wa likita abin da yake sha. Allah ya sa mu dace.